Filin Tambaya da Amsa: Ɗaukar Hoton Rayuwar Titi a Bauchi da Gombe

Yawancin wasiƙun da suka iso wannan fili a 'yan makonnin nan daga Bauchi da Gombe suka fito, kuma sun taru a kan abu guda, wato ɗaukar hoton rayuwar yau da kullum a kan titi da cikin kasuwa, wanda ya sha bamban da hoton biki ko na situdiyo. Na zaɓi huɗu daga cikinsu, na taƙaita su, na kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Malam, ni matashi ne mazaunin unguwar Jahun a cikin garin Bauchi. Na yi tanadi na watanni na sayi waya mai kyamara mai kyau, amma duk lokacin da na fita sai in rasa abin ɗauka. Garinmu ba shi da dogayen benaye irin na Abuja, ba shi da teku irin na Legas. Shin sai na je Yankari, ko kuwa in jira hawan Sallah, kafin in samu hoton da za a kalla a yaba?

AMSA: Ƙanena, bari in fara ba ka labarin hoton da masana tarihin wannan sana'a suke ɗauka a matsayin na farko da ɗan Adam ya fito a cikinsa. A shekarar 1838 wani Bafaranshe mai suna Louis Daguerre ya kafa na'urarsa a tagar bene a birnin Paris, ya fuskantar da ita ga wani babban titi mai yawan zirga-zirga. Na'urar wancan zamani tana buƙatar mintuna da dama kafin hoto ya kama, saboda haka duk abin da ke motsi, da kekunan doki da masu tafiya a ƙasa, bai fito ba, titin ya zama kamar an share shi. Waɗanda suka tsaya wuri guda har hoton ya kama su su ne wani mutum da ya miƙa ƙafarsa, da mai goge masa takalmi. Ka ga ke nan da mai gyaran takalmi a bakin titi aka buɗe wannan fage, kuma irinsa kana wuce shi kowace safiya a hanyarka ta zuwa Wunti.

Hausawa suna cewa, ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani kullum. Abin da ke damunka ke nan. Da baƙo zai sauka a Bauchi yau daga wata ƙasa, kafin azahar ya cika wayarsa da hotuna, domin idonsa bai riga ya saba ba. Aikin mai ɗaukar hoton titi shi ne ya koya wa idonsa baƙunta a garin da aka haife shi, alhali yana riƙe da abin da baƙo ba shi da shi, wato sanin mutane da harshensu da lokutan da suke yin kowane abu.

Akwai wani dattijo mai wankin hula da na shafe shekaru ina wucewa ta gabansa ban taɓa tsayawa ba. Ranar da na tsaya, sai na ga bayan ya wanke hulunan ya sa musu sitaci, yakan ɗora kowace a kan katakon da aka sassaƙa da siffar kai, ya jera su layi-layi a rana: zanna bukar, da damanga, da ƙube, ja kusa da shuɗi, ruwan ƙasa kusa da fari. Da hantsi kowace hula tana jefa inuwarta a kan ta kusa da ita, sai wurin ya zama kamar sahun mutane sun zauna suna sauraron karatu. Hannayensa kuwa sun yi fari-fari da ruwan sabulu, jijiyoyi sun fito, yana riƙe da buroshi da ya cinye rabi saboda aiki. A wannan 'yar rumfa kaɗai akwai hoto goma ga mai haƙuri, kuma babu guda daga cikinsu da za a iya ɗauka a Abuja.

Haka nan mai masa da sassafe. Bauchi ta yi suna a kan masa har ana kiranta da sunan garin, amma mutum nawa ne suka tsaya suka kalli yadda hayaƙin murhu yake haɗuwa da tururin tanda, hasken rana ya ratsa su daga gefe, hannun mai tuya yana juya masar da ɗan ƙarfe ba tare da ta duba ba, yara sun kewaye ta da kwanuka? Ga mai shayi yana ɗaga kofi sama yana tsiyayo shayin cikin wani kofin ba ya zubar da ko ɗigo. Ga tela mai yawo da keke a kafaɗa yana kaɗa almakashi don a san ya iso. Ga allon mai aski da aka zana da hannu, ga addu'o'i da karin magana a bayan Keke Napep da manyan motoci, waɗanda su ma zane ne da wani ya zauna ya yi da fenti da basira.

Sannan akwai jikin garin kansa, kuma a nan ne nake so ka fi mai da hankali, domin shi ne yake ɓacewa a gaban idonmu. Sarkin Bauchi na farko, Malam Yakubu, ya kafa wannan gari a 1809, aka kewaye shi da ganuwa mai tsawon kimanin kilomita 10 da rabi. Yau sunayen ƙofofin, irin su Ƙofar Ran da Ƙofar Wunti da Ƙofar Wambai da Ƙofar Idi, sun fi ganuwar kanta zama a bakin mutane. A cikin tsofaffin unguwanni har yanzu akan ci karo da zaure na ƙasa mai zanko a kai, da rufin azara, da zanen dagi a saman ƙofa, amma kowace damina wani yakan rushe, a maye gurbinsa da bulo da kwano. Ba na zargin mai gida da ya zaɓi bulo, domin shi ya san wahalar yaɓe duk shekara. Abin da ke ci mini rai shi ne gidan ya tafi ba tare da kowa ya ɗauki hotonsa ba. Wani Bafaranshe, Eugène Atget, wanda ya rasu a 1927, ya shafe kusan shekara talatin yana bin lungunan tsohon birnin Paris yana ɗaukar ƙofofi da shaguna da masu talla, a lokacin da ake rushe unguwanni ana gina sababbi. A zamaninsa ba a ɗauke shi wani babban mai fasaha ba, amma yau da hotunansa ake sanin kamannin wancan birni. Bauchi tana jiran mai yi mata irin wannan aiki.

Ga abin da zan ba ka ka gwada. Zaɓi wuri guda da bai wuce tafiyar minti goma daga gidanku ba, ka riƙa zuwa can a lokaci guda har kwana bakwai. Ranar farko kada ka fito da waya, ka yi gaisuwa, ka zauna, ka kalla. Daga rana ta biyu ka nemi bango ko ƙofa ko wani haske da ya burge ka, ka daidaita hotonka a kansa, sannan ka jira abin da zai shigo ciki, ko mai keke ne, ko 'yan makarantar allo, ko akuya. Henri Cartier-Bresson, wanda littafinsa na 1952 ya zama madubi ga masu wannan sana'a, da ƙaramar kyamara ƙirar Leica ya yi yawancin aikinsa, kuma abin da aka san shi da shi shi ne jiran ƙiftawar ido guda da motsin mutum da tsarin wuri suke haɗuwa daidai. A kusa da mu ma, Fati Abubakar ta fara ɗaukar rayuwar yau da kullum a Maiduguri tana sakawa a shafin Instagram mai suna Bits of Borno, a lokacin da duniya ba ta jin komai game da garin sai tashin bam, kuma hotunan 'yan makaranta da 'yan kasuwa da masu kwalliyar Sallah ne suka kai aikinta manyan jaridun duniya. Ka je Yankari idan ka samu hali, ka kuma ɗauki hawan Sallah, amma waɗannan kowa yana ɗauka.

TAMBAYA: Malam, ni ɗalibi ne a Gombe, ina zaune a Jekadafari. Hotunan da nake ɗauka a kasuwa sukan fito da fuskoki baƙi ƙirin, fararen kaya kuma su yi ƙyalli har ba a ganin ɗinkinsu. Laifin wayar ne?

AMSA: Ɗan'uwa, mafi yawan lokuta laifin sa'ar da ka fita ne. Gombe da Bauchi suna kimanin digiri 10 ne arewa da layin da ya raba duniya biyu, saboda haka rana takan hau tsakiyar sama da wuri, ta tsaya a kan mutane. A irin wannan lokaci hula da goshi sukan jefa inuwa a kan idanu, farar shadda kuma ta mayar da haske mai ƙarfi, kyamara ta rasa wanda za ta bi tsakanin biyun. Idon ɗan Adam yana iya ganin duka a lokaci guda, kyamarar waya ba ta kai shi ba. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga fitowar rana zuwa hantsi, da kuma daga la'asar zuwa gab da magariba, lokacin da haske yake zuwa daga gefe ya fito da siffar fuska da saƙar tufafi da kaushin bango. Idan dole ne ka yi aiki da tsakar rana, ka shiga inuwar rumfa, ka sa wanda kake ɗauka ya kasance haske yana shigo masa ta ƙofa ko ta gefe, kada rabin jikinsa ya kasance a rana rabi a inuwa.

Idan wata rana ka shigo Bauchi, ka ziyarci kabarin Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka buɗe gininsa a 1979. Mai shiga yakan bi ta wata hanya mai duhu wadda haske ke tsargowa cikinta kaɗan-kaɗan, kafin ya fita fili inda kabarin yake ƙarƙashin sararin sama. An tsara shi haka ne don nuna fita daga duhun mulkin mallaka zuwa 'yanci, amma ga mai koyon hoto darasi ne a kan yadda ɗan haske a cikin duhu yake jan ido fiye da hasken da ya game ko'ina.

Kowane yanayi da irin kyautarsa. Hazon hunturu yakan tausasa rana ya dusashe abin da ke nesa, sai mutumin da ke kusa ya fito sarai, ga kuma masu jin ɗumi da asuba sun kewaye wuta. Damina takan wanke gari, launuka su fito, kududdufin bakin titi ya zama madubi da ke nuna hasumiyar masallaci a kife. Game da wayar kuwa, ka goge gilashin kyamarar da tsumma mai laushi kafin ka fara, musamman lokacin ƙura. Ka taɓa fuskar mutum a allon wayar domin ta daidaita a kansa, sannan ka ɗan rage haske idan fararen kaya suna ƙyalli, domin gyara duhu daga baya ya fi sauƙi a kan dawo da abin da haske ya ƙone. Kada ka dogara da jawo hoto da yatsu, domin a yawancin wayoyi hakan yanke hoton kawai yake yi ya rage masa inganci. A nan ma zuwa da kai ya fi aike.

TAMBAYA: Malam, ni mace ce, ina karatu a Yalwa, Bauchi, kuma ina sha'awar wannan fanni. Amma ina jin nauyin ɗaga waya a kan mutanen da ban sani ba. Wasu sun ce mini titi na kowa ne, ba sai na nemi izini ba, kuma wai idan na nema mutum zai gyara tsayuwa hoton ya lalace. Mene ne gaskiyar lamarin?

AMSA: 'Yar'uwa, wannan nauyin da kike ji kada ki yar da shi, domin shi ne zai tsare ki. Ta fuskar doka, sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin 'yan ƙasa da gidajensu, akwai kuma dokar kare bayanan mutane ta 2023, sannan dokar sirrin gwamnati ta 1962 ta hana ɗaukar hoton wuraren tsaro ba tare da izini ba. Saboda haka barikin soja da shingen jami'an tsaro da makamantansu ki nisance su baki ɗaya, musamman a wannan yanki namu da ya ga tashin hankali, inda ganin baƙuwar fuska tana ɗaukar hoto yakan tayar da hankalin mutane, kuma suna da dalilinsu.

Amma abin da ya fi doka kusa da mu shi ne mutunci, kuma a kan wannan ina da abin da har yau nake nadama. Shekarun baya na ga wani ɗan dako yana barci a cikin baronsa a gefen wata kasuwa, ƙafafunsa a waje, hularsa a kan fuska rabi. Hasken ya yi kyau, na ɗauka, na saka a Facebook ba tare da na tashe shi ko na jira ya farka ba. Kafin dare mutane sun mayar da shi abin dariya, ana ta yaɗawa da maganganun da ban taɓa nufi ba. Bayan kwana biyu wani da ya san shi ya neme ni, na koma kasuwar na same shi. Bai ɗaga mini murya ba. Ya ce tun asuba yake sauke buhuna a ranar, kuma 'ya'yansa sun ga hoton a wayar maƙwabta. Na ba shi haƙuri na goge, amma abin da ya riga ya bazu ba ya gogewa. Tun daga ranar ba na ɗaukar mai barci, ko mai cin abinci, ko marar lafiya, ko wanda ke cikin wani hali da ni kaina ba zan so a gan ni a ciki ba.

Wannan ya haɗa da almajirai da mabarata. Na ga matasa da yawa suna fara koyon hoto a kansu, domin su ne ba su da bakin hanawa, sai a mayar da yagaggiyar riga da busasshiyar ƙafa ado. Idan za ki ɗauki yaro, ki nemi malaminsa ko iyayensa, ki kuma tambayi kanki ko hoton zai amfane shi ko kuwa ke kaɗai zai amfana. Akwai kuma waɗanda ba sa son hoto saboda fahimtarsu ta addini, kasancewar malamai sun yi saɓani a kan mas'alar. Wanda ya ce a'a, ki ce masa Allah ya huci zuciyarka Baba, ki wuce, ba tare da gardama ba.

Maganar cewa neman izini yana ɓata hoto kuwa, gaskiya ce ta minti biyar na farko kawai. Ki yi sallama, ki gaisa, ki ce, Mama, ni ɗaliba ce ina koyon ɗaukar hoto, aikinki ne ya burge ni, ko za ki yarda in ɗauka? Idan ta yarda za ta gyara mayafi ta tsaya ƙiƙam, ki ɗauki wannan ki nuna mata. Sannan ki zauna, ki sayi abin da take sayarwa, ku yi hira. Da zarar mai saye ya zo za ta manta da ke ta koma aikinta, kuma a nan ne hoton da kike nema yake. Malick Sidibé na Bamako, wanda aka karrama da babbar lambar yabo ta baje kolin fasaha na Venis a 2007, mutanen da yake ɗauka sun san shi, su suke gayyatarsa wuraren shagalinsu, shi ya sa suka saki jiki a gabansa. Idan kuma faɗin kasuwa kike ɗauka daga nesa, inda ba a tantance fuskar kowa, wannan da sauƙi, ko da yake yana da kyau shugabannin kasuwar su san da ke.

Kasancewarki mace kuma dama ce babba. Akwai rabin rayuwar garin nan da namiji ba ya gani: wurin kitso, da zanen lalle, da masu surfe, da masu saƙar hula a tsakar gida. J. D. 'Okhai Ojeikere, wanda ya rasu a 2014, ya fara tattara hotunan kitson matan Nijeriya a 1968 har ya tara kusan dubu, kuma da yawansu ta baya ya ɗauke su, kitson ya fito, fuskar ba ta fito ba. Hannu mai lalle a kan taɓarya, ko yatsu a cikin gashi, suna iya ba da labari cikakke ba tare da an keta sirrin matar aure ba. Sai dai ki bayyana musu tun farko inda hoton zai je, domin yardar a ɗauka daban take da yardar a saka a intanet.

TAMBAYA: Malam, daga Tudun Wada a Gombe nake rubutowa. Wayata ta faɗa ruwa, hotunan shekara biyu suka tafi. Waɗanda na taɓa sakawa a intanet kuma na ga wasu suna amfani da su ba tare da sunana ba. Yaya zan yi nan gaba?

AMSA: Allah ya mayar maka da alheri, ɗan'uwa. A ƙarƙashin dokar haƙƙin mallaka ta 2022, hoto aiki ne da doka ta kare, kuma a bisa asali haƙƙinsa na wanda ya ɗauka ne, sai idan akwai wata yarjejeniya ta aiki da ta ce ba haka ba. Hujjarka ita ce ainihin hoton mai cikakken girma, wanda yake ɗauke da rana da sa'a da irin wayar da aka yi amfani da ita, saboda haka shi za ka adana, ka riƙa saka ƙaramin kwafi a intanet. Ka sani kuma WhatsApp yana matse hoto ya rage shi idan ba a matsayin fayil aka tura ba. Ka ajiye kowane hoto mai muhimmanci a wuri biyu aƙalla, ɗaya a kwamfuta ko katin ajiya, ɗaya a ma'ajiyar intanet.

Ka kuma riƙa rubuta wuri da kwanan wata da abin da ake yi a hoton, ko da a littafin makaranta ne. Vivian Maier, wata mai rainon yara a birnin Shikago na Amurka, ta bar hotuna sama da dubu 100 waɗanda ba a gano su ba sai a 2007, da aka yi gwanjon kayanta, kuma masu bincike sun sha wahalar gane wurare da mutanen da ke cikin da yawansu. Gombe ta zama babban birnin jiha ne a 1996, kuma duk wanda ya san Tashar Dukku ko Pantami a wancan lokaci ya san yadda suka sauya. Hoton da ka ɗauka yau a bakin Tsohuwar Kasuwa, idan da kwanan wata a jikinsa, jikokinka za su iya aiki da shi.

Daga cikin kowane ɗari ka zaɓi biyu ko uku ka kai a wanke maka a takarda, guda kuma ka kai wa mai shi. Na yi haka da dattijon nan mai wankin hula. Ya karɓa da hannu biyu bayan ya goge su a jikin rigarsa, ya daɗe yana dubawa, sannan ya fara nuna mini hulunan ɗaya bayan ɗaya yana faɗin ta wane ce wannan, ta wane ce waccan, har ya kai kan wata damanga ruwan toka ya ce mai ita ya rasu da azumin bara. Ya sa hoton a leda saboda ruwa, ya maƙale shi da ƙusa a jikin ginshiƙin rumfar, daidai saman bokitin sitaci.